Kaka Ta Kama, Mu Sha Kabewa

Ruwan sama ya ɗauke, taɓon da ya hana mu sakat a hanyoyin Lamaji tun cikin watan Yuli ya soma bushewa, iskar gabas kuma ta fara kaɗawa da asuba. Duk wanda ya tashi a cikin Hausawa ya san ma'anar wannan: kaka ta kama. Gero ya shiga rumbu, ana cirar gyaɗa, dawa ta sunkuyar da kai, masu masakwa kuwa sun duƙufa wajen dashe a fadamun da ruwa ya janye. Idan mutum ya leƙa kasuwannin Injamena a wannan lokaci, daga 'yan teburan unguwa har zuwa Dembe da kasuwar nan da ake kira Marché à Mil, wato Kasuwar Gero, zai tarar da kabewa jibge, wata ɗungurungum, wata an tsaga ta an jera yanka-yanka, cikinta ja wur kamar gwaiduwar ƙwai.

To amma me muke yi da ita? A yawancin gidajenmu, yanka ɗaya ake saye a jefa cikin miyar taushe ranar suna ko ranar salla, shi ke nan an sallame ta sai wata shekara. A halin kuwa kullum maigida na fitar da kuɗi ana sayo wa yara lemon kwalba da biskit da alawar kanti, abubuwan da ba su da komai a ciki sai sukari da rini. Hausawa na cewa kabewar kan kabari, baƙin cikin mai taushe, domin ana ganinta amma ba damar ci. Tamu kuwa ta kan tebur ce, ga ta da araha, ga ta halal, amma mun mayar da ita tamkar waccan. Wannan ne ya sa a wannan watan muka ga ya dace mu tattauna da masu karatu, musamman iyayenmu mata, a kan irin abin sha da kayan maƙulashe da za a iya sarrafawa da kabewa a cikin gida.

Daga ina ta zo mana?

Mai karatu zai yi mamaki idan muka ce masa kabewa baƙuwa ce a ƙasar Hausa da ma Afirka baki ɗaya. Asalinta nahiyar Amurka ne. Masu binciken kayan tarihi sun tono 'ya'yanta a wani kogo da ke jihar Wahaka ta ƙasar Meziko, suka kuma ƙiyasta cewa mutanen wurin suna shuka ta tun kimanin shekara 10,000 da suka wuce, wato tun kafin su san noman masara. Daga baya suka riƙa haɗa ta gona ɗaya da masara da wake: wake ya hau karan masara, kabewa kuma ta yaɗo a ƙasa, faffaɗan ganyenta ya rufe danshi ya hana ciyawa fitowa. Bayan tafiyar Kolombos ta shekarar 1492 ne jiragen ruwan Turawa suka ƙetaro da irinta, ta bazu a Turai da Afirka da Asiya.

Ba ita kaɗai ta yi wannan tafiya ba. Gyaɗa, tumatir, tattasai, attarugu, rogo, dankali da masara duk daga can suka fito, sunan masara ma yana nuna cewa ta wajen Masar ta iso mana. Ke nan idan muka dubi tukunyar taushe da kyau, za mu ga kabewa da gyaɗa da kayan miya duk baƙi ne, 'yan gida su ne irin su yakuwa da daddawa. Kakanninmu mata ne suka karɓi baƙin, suka haɗa su da 'yan gida, har aka samu miyar da a yau ba wanda zai ce ba ta Hausa ba ce. Kabewa dai ba ta sha wuyar sabawa da mu ba, domin ta tarar da danginta a nan, wato duma da guna da kankana, waɗanda su 'yan asalin Afirka ne.

Ta kuwa zauna daram a cikin al'ada. A cikin bukukuwan gargajiya na ƙasar Hausa, tare da kalankuwa da buɗar dawa, akwai wanda ake kira bikin shan kabewa, wanda 'yan bori kan yi da kaka idan kabewa ta ƙosa. Galibin jama'a sun daɗe da barin irin waɗannan bukukuwa, mun kawo shi ne kawai don a ga cewa tun da daɗewa Bahaushe ya ɗauki nunar kabewa a matsayin alamar shigowar kaka.

Mu da ke zaune a Chadi, tarihinmu ya yi kama da nata ta wata fuska. Da yawa daga cikin kakanninmu hanyar Makka ce ta biyo da su, a zamanin da ake tafiya aikin hajji a ƙasa, wasu kuma fatauci, wasu ƙaurar da aka yi zuwa gabas bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Wasu suka yada zango a Abeshe, wasu a Fort Lami, garin da Faransawa suka kafa a 1900 a mahaɗar kogin Shari da Logon, wanda aka sauya wa suna zuwa Injamena a 1973. Wani Ba'amurke mai suna John Works ya wallafa littafi sukutum a 1976 a kan zaman Hausawa a wannan ƙasa. Waɗannan matafiya ba su zo da dukiya mai yawa ba, amma sun zo da harshensu da sana'o'insu da girkinsu, kuma abubuwan nan uku su ne gadon da ke hannunmu.

Yayin da ake yi a Amurka

A ƙasar Amurka, da zarar kakarsu ta kama a watan Satumba, sai kabewa ta mamaye ko'ina. Suna fafe ta su sa fitila a ciki a daren 31 ga Oktoba, suna kuma gasa wani irin kek da ita ranar bikinsu na godiya, wanda ke faɗowa a Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba. A shekarar 2003 kamfanin sayar da gahawa na Starbucks ya fito da wata gahawa mai madara da ya laƙaba wa sunan kabewa, ta kuwa karɓu ƙwarai, har wasu kamfanoni suka bi sahu da biskit da alawa da sauran tarkace masu wannan suna. Abin dariya a nan shi ne, shekara 12 ana sayar da wannan gahawa babu ko ɗigon kabewa a cikinta, sai a 2015 kamfanin ya soma zuba ta gaske. Ashe abin da mutane ke rububi a kai kayan ƙamshi ne kurum: kirfa, citta, kanumfari da gyaɗar ƙamshi.

Uwargida za ta ga cewa babu ɗaya a cikin waɗannan da ba ta sani ba. Su ne dai take jefawa a kunun zaƙi da fura da zoɓo, wanda maƙwabtanmu ke kira karkanji. Abin da wasu ke biyan kuɗi masu yawa su sha a kofin takarda, mu muna da kayan haɗinsa a ƙulle cikin leda a ɗakin girki, ga kuma ita kanta kabewar sabuwa fil daga gona. Sauran ƙasashe ma kowa da tasa dabarar. Mutanen Meziko na dafa ta da mazarƙwailarsu da kirfa a farkon watan Nuwamba, Turkawa na jiƙa ta da sukari ta kwana kafin su dafa su barbaɗa mata riɗi ko wasu 'ya'yan itace, Indiyawa kuma na tuƙa ta da man shanu da madara ta zama alawa.

Amfaninta ga jiki

Jan launin da ke cikin kabewa wani sinadari ne da ake kira karotin, wanda jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Rashin wannan bitamin shi ke kawo dundumi, wato mutum ya kasa gani da zarar magariba ta yi, yana kuma raunana garkuwar jikin yaro, ta yadda ƙyanda ko gudawa kan yi masa mummunan kamu. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa wata 59 bitamin A a baki lokaci-lokaci, bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya. Wannan ɗigo yana da muhimmanci, kada a bari ya wuce yaro, amma abincin yau da kullum shi ne tushe. Gwargwadon jan cikin kabewa, gwargwadon yawan karotin ɗinta.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ya kamata a kiyaye. Na farko, karotin ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, don haka a riƙa haɗa kabewa da gyaɗa ko madara ko man shanu ko riɗi. Tsofaffinmu da suka haɗa ta da gyaɗa a taushe ba su shiga aji ba, amma sun dace da abin da likitoci ke faɗa a yau. Na biyu, kashi 9 cikin 10 na nauyin kabewa ruwa ne, saboda haka ita kaɗai ba ta riƙe ciki, ba ta kuma isa ta zama abincin yaron da ake shirin yayewa ba. A cikin kunu mai hatsi da gyaɗa ne take cika aikinta. 'Ya'yanta kuwa, waɗanda muke zubarwa tare da ɓawo, kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsu furotin ne mai gina jiki, kusan rabi kuma mai ne, ga sinadarin ƙarfe da ke taimaka wa jini.

Zaɓe da dafawa

Idan za a sayi ɗungurungum, a ɗaga ta a ji tana da nauyi, a ƙwanƙwasa a ji amo, a danna farce a ga ɓawon ya ƙi shiga, sa'an nan a duba cewa hancinta yana nan a bushe. Idan yanka ce, a zaɓi mai ja sosai wadda aka yanka a ranar, a guji wadda ta yi yauƙi ko ƙudaje suka yi wa rubdugu.

Tushen dukkan abin da za mu kawo a ƙasa shi ne dafaffiyar kabewa da aka dame. A wanke ta, a fere, a kwashe 'ya'yan a ajiye gefe, a yanka ƙanana. Ya fi kyau a turara ta a madambaci maimakon a tsunduma ta cikin ruwa, domin ruwa na kwashe zaƙinta. Cikin minti 15 zuwa 20 za ta yi laushi. Wannan ma wani rangwame ne, domin duk mun san yadda makamashi ya zama abin lissafi a garin nan tun da gwamnati ta hana gawayi a ƙarshen 2008, aka koma gas da ƙwallon goruba. Idan ta dahu, a farfasa ta da ludayi ko a kirɓa a turmi mai tsabta, a tace da rariya don ta yi sumul. A duk inda muka ce kofi, muna nufin wanda ke cin rubu'in lita.

Sai garin ƙamshi. A daka kirfa cokali 4, busasshiyar citta cokali 2, kanumfari cokali 1, gyaɗar ƙamshi cokali 1, a tankaɗe, a zuba a kwalba mai murfi. Mai son yaji-yaji ya ƙara masoro ko kimba kaɗan. Kada a cika kanumfari, domin yana danne sauran.

Shayin madara da kabewa

Mutanen Chadi ba a gaya musu shayi, mu ma zama tare ya sa mun ƙware. Ga na safiyar hunturu, na mutum uku. A tafasa ruwa kofi 1 da ganyen shayi ƙaramin cokali 2, a tace. A wata tukunya a ɗora madara kofi 2, a zuba damammiyar kabewa babban cokali 4, da garin ƙamshi rabin ƙaramin cokali, a yi ta juyawa a kan wuta kaɗan har ya tafaso. A haɗa da ruwan shayin, a sa sukari daidai, a sheƙa shi tsakanin kofi biyu har ya yi kumfa. Mai son gahawa ya sa ta a madadin shayi, ya ga abin da Amurkawa ke bin layi a kansa. Yara kuwa a ba su madarar da kabewar kawai, ba shayi ba gahawa.

Kunun gyaɗa da kabewa

A dama markaɗaɗɗiyar gyaɗa kofi 1 a cikin ruwa lita 2, a tace, a ɗora a wuta ana juyawa don kada ya zube. Idan ya tafasa ƙamshin ɗanyar gyaɗa ya fita, a zuba kabewa kofi 1 da rabi. A gefe a dama garin shinkafa ko gasarar gero kofi 1 da ruwan tsamiya, a zuba a hankali ana juyawa har ya yi kauri ya nuna. A sa garin ƙamshi kaɗan da sukari ko mazarƙwaila. Zai fito da launin ruwan zinariya, kuma za a lura cewa bai buƙaci sukari kamar kunun da aka saba ba, saboda kabewar ta kawo nata zaƙin. Wannan kunu ya dace da mai jego, da tsofaffi, da yaron da ya haura wata 6, sai dai na yaro a rage tsamiya da kayan ƙamshi, a bar sukari.

Kindirmo da kabewa da dabino

Wannan na rana ne, lokacin da sanyin safe ya wuce. A jiƙa dabino 8, irin busasshen nan da ake kawowa daga Faya, a cire ƙwallon, a kirɓa. A haɗa da kindirmo kofi 2 da kabewar da ta huce kofi 1, da ɗan garin citta, a burge da maburgi ko a markaɗa a na'ura idan akwai wuta. A tsinka da ruwa mai tsabta gwargwadon yadda ake so. Dabinon ya wadatar, ba sai an sa sukari ba. Wanda ya dama fura a ciki ya gama abincin rana.

Fanken kabewa

A tankaɗe fulawa kofi 4, a zuba yis babban cokali 1, sukari rabin kofi, gishiri kaɗan, garin ƙamshi ƙaramin cokali 1, da kabewa kofi 1. A kwaɓa da ruwan ɗumi, amma a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, domin kabewa na da nata ruwan, idan aka yi garaje ƙullun zai tsinke ya sha mai. A buga shi sosai, a rufe a ajiye a rana kamar awa 1 har ya tashi, sa'an nan a riƙa ɗiba ana soyawa a man gyaɗa mai zafi. Wannan fanke ya fi na kullum laushi da kyan launi, ga shi ya dace da ƙunshin 'yan makaranta.

Alawar kabewa

A goga ɗanyar kabewa kofi 4 a magogi. A narka man shanu babban cokali 3 a tukunya mai kauri, a zuba kabewar a yi ta juyawa har ruwanta ya tsotse. A zuba sukari kofi 1, za a ga ta sake kawo ruwa, a ci gaba da tuƙawa da muciya. Idan ta soma kama jikinta, a barbaɗa madarar gari kofi 1 da ɗan garin kirfa, a tuƙa har ta riƙa sakin gindin tukunya. A juye a faranti da aka shafa wa mai, a baje, a barbaɗa soyayyen riɗi, idan ta huce a yanka kamar yadda ake yanka tuwon madara. Aikin yana son haƙuri da wuta kaɗan, mai gaggawa zai ƙare da ƙauri.

'Ya'ya da ganye

A wanke 'ya'yan, a jiƙa su cikin ruwan gishiri na ɗan lokaci, a shanya su bushe, sa'an nan a soya a kasko ba mai, ana motsawa har su soma fashewa. Ana ɓare su a ci kamar gyaɗa a wajen hira. Ana iya haɗa ɓararrun da riɗi da narkakken sukari a yi kantu, ko a daka su a kaɗa miya kamar agushi. Ganyen kabewa mai taushi shi ma ana sa shi a miya ko a fate.

A yi hattara

Rigakafi ya fi magani. Idan aka ɗanɗana kabewa aka ji ɗaci, a zubar da ita gaba ɗaya, domin wannan ɗaci guba ne da kan kawo amai da gudawa, dafuwa kuma ba ta kashe shi. Madarar shanu da aka sayo daga makiyaya, komai kyanta, a tafasa ta kafin a sha ko a kwantar da kindirmo. Ƙanƙara da ruwan tsinka abin sha su zama daga ruwan da aka amince da shi, musamman a bayan ambaliya irin ta 2022 da ta 2024, lokacin da ƙazanta kan malala cikin rijiyoyi. Gyaɗar da ta yi funfuna a tsince ta a zubar, tana lahanta hanta. Dafaffiyar kabewa da duk abin da aka sa wa madara kada su wuce awa 2 a ajiye a waje, tunda kuma wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, a dafa daidai abin da za a shanye. Kada a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma, kada kuma a ba ƙananan yara 'ya'yan kabewa sai an daka, don gudun shaƙewa.

Batun sukari kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babban mutum zai sha a yini kada ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, idan ya tsaya a rabin haka ma ya fi. Kwalbar lemo ɗaya mai santilita 33 na iya ɗauke da kusan giram 35. Idan muka tsere wa lemon kwalba muka zo muka cika kunu da shayi da sukari, an gudu ne ba a tsira ba. Alawa da kantu na marmari ne, ba na kullum ba. Masu ciwon sukari su nemi shawarar likita kafin su mayar da ɗaya daga cikin waɗannan abin sha na yau da gobe.

Ajiya don gaba

Wani babban alherin kabewa shi ne ba ta neman firji muddin ba a fasa ta ba. A saye ta yanzu da take araha, a bar ta a rana kamar kwana 10 ɓawon ya ƙara tauri, sa'an nan a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa, a bisa katako ko buhu, kada su taɓa juna, kada kuma a ɗauke ta ta hanci. A riƙa dubawa, wadda ta soma taushi a fara da ita. Lafiyayyar kabewa kan yi watanni a haka. Tunda a 'yan shekarun nan azumi na faɗowa ne daga ƙarshen hunturu zuwa farkon bazara, wanda ya yi tanadi da kaka zai iya buɗa baki da kunun kabewa. Wadda aka riga aka fasa, a yanka ta sirara-sirara a shanya, iskar hunturu za ta busar da ita ƙarau cikin 'yan kwanaki, a adana a daka a riƙa zubawa a miya da kunu. Shanya a inuwa mai iska ta fi ta tsakiyar rana, domin zafin rana na rage karotin.

Sa'an nan a ware 'ya'yan wadda ta fi ja da zaƙi a adana don iri. Unguwanni irin Lamaji da ke bakin gari har yanzu akwai gidaje masu fili. Rami biyu ko uku a gindin katanga, da ɗan takin awaki, sun isa idan ruwa ya zauna a watan Yuni ko Yuli, cikin wata 3 zuwa 4 an samu abin ɗiba. Kada a tsorata idan furannin farko suka zube ba su ƙulla ba, maza ne, matan na tafe, su ne masu ɗan ƙullutu a gindi, ƙudan zuma ne kuma ke kai musu garin fure.

Riba biyu

Matan Hausawa a garin nan an san su da sana'ar cikin gida: waina, ƙosai, fura, ƙuli-ƙuli, dubulan. Kowace kusurwa akwai mai fanke, amma mai fanken kabewa ko alawar kabewa ba ta da abokan gasa da yawa. Uwargidan da ta fara, ta kuma riƙe tsabta, tana iya samun 'yan sefar cefane daga abin da jarinsa bai taka kara ya karya ba. Maƙwabtanmu ma ba baƙin kabewa ba ne, akwai masu dafa ta da gyaɗa, kunu kuwa da suke kira madide ba ya yanke musu, saboda haka ba za a sha wuyar tallata musu ba.

Riba ta biyu ta fi ta kuɗi. 'Ya'yanmu suna karatu da Faransanci, suna wasa a waje da Larabcin Chadi, wannan kuwa ba laifi ba ne, ƙasarsu ce, dole su iya harsunanta. Amma a gidaje da dama yaro ya san sunan kabewa da Faransanci bai san shi da Hausa ba, balle ya san madambaci ko maburgi ko mazarƙwaila. Irin waɗannan kalmomi ba a koyar da su a makaranta, a bakin murhu ake jin su. Idan uwa ta zaunar da 'yarta ta ce fere wannan, turara wancan, miƙo mini rariya, ta koya mata girki da harshe a zama ɗaya. 'Ya'ya maza ma a ba su wankin 'ya'yan kabewa da dakan kayan ƙamshi. Iyaye maza kuma, ranar da za a yi cefane a daure a sungumo kabewa guda a maimakon katan ɗin lemo.

Muna roƙon iyayenmu da kakanninmu mata waɗanda suka san wasu hanyoyin sarrafa kabewa, irin na Kano ko Damagaram ko Abeshe, su sa a rubuto mana don sauran jama'a su amfana, domin da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya sa albarka a amfanin gonar bana, ya ba mu lafiyar ci, ya kai mu wata kakar.